Yadda ake renon albasar kwaɗi daga iri har ta yi fure

Da ruwan farko ya sauka a fadama, tun ciyawa ba ta gama rufe ƙasa ba, albasar kwaɗi take fitar da karanta. Kara ne mai kauri, tsawonsa kan kai kamu ɗaya ko ya ɗara, a kansa furanni huɗu, biyar, wani lokaci fiye da haka, farare tas, kowane kunnen fure da jan zane ya ratsa tsakiyarsa daga gindi har baki. Da yamma suke buɗewa, ƙamshinsu kuma sai dare ya yi yake tashi sosai. Masana tsirrai suna kiranta Crinum ornatum, kuma danginta sun haura nau'i ɗari a ƙasashe masu zafi. Mutanen karkara ba su ɗauke ta a bakin komai ba, tunda ko dabba ba ta damu da cin ta ba. Amma a bar mutum ya gan ta da fure a cikin tukunya a tsakar gida, sai ka ji yana tambayar daga wace ƙasa aka kawo ta.

Ba wai ta ƙare ba ne. Sai dai a kewayen manyan garuruwa ganinta ya fara wuya. Fadamar da take fitowa ta koma gonar shinkafa ko ta rake, ko an yanka ta fulotai. Garma tana tono albasar ta bar ta a rana, masu maganin gargajiya kuma suna haƙa suna kaiwa kasuwa cikin tarkacen gadali. Wanda yake sonta a gida, abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne ya saɓi fartanya ya je ya tono babba. Ni ban ba da wannan shawara ba. Albasar da ta isa yin fure ta yi shekaru a inda take, saiwoyinta masu kauri sun nutsa, in aka tsinke su takan yi shekara ɗaya ko biyu tana jinya babu fure, ga shi kuma an rage wa fadamar uwa guda. Iri kuwa uwar zubar da shi take yi, mafi yawansa ma a banza yake lalacewa. Abin dai shi ne, irin nan yana da halinsa, wanda bai san halin ba kuwa da hannunsa zai kashe shi yana ganin adana shi yake yi.

Ka fara tabbatarwa ita ce

Gadali suna ne da ya haɗe albasoshin daji iri-iri, saboda haka kada ka dogara da sunan da mai gona ko makiyayi ya gaya maka, ka dubi shukar da idonka. Ganyen albasar kwaɗi dogo ne mai faɗi, yana fitowa a kewaye da wuyan albasar ta kowane ɓangare, gefensa yana ɗan lanƙwashewa. Tana da 'yar'uwa, Crinum distichum, wadda furenta ma yake da jan zane, amma ganyenta siriri ne kuma a jere biyu yake fitowa, dama da hagu, furenta galibi ɗaya ne ko biyu a kan kara. Akwai kuma Crinum jagus, mai farin fure babu zane, wadda ta fi son inuwa da bakin rafi, an fi samunta ta kudu. Duk waɗannan ukun hanyar shuka irinsu ɗaya ce, in ma ka yi kuskuren ɗauko wata a madadin wata ba ka yi asara ba.

Wadda ba ta shiga wannan bayani ba ita ce albasar kura, mai dogon siririn kara da ƙananan furanni birjik, wadda irinta baƙi ne, busasshe, falale. Duk albasar dajin da ka ga irinta baƙi ne busasshe, to wannan wani karatu ne daban.

Lokacin fure ne lokacin nema. A wajajen Abuja da kudancin Kaduna, inda damina ke faɗuwa da wuri, ana iya ganin fure tun watan Afrilu ko Mayu. A Kano da Katsina da Maraɗi sai Yuni zuwa Yuli, gwargwadon saukar ruwa. In ka same ta, ka yi mata alama nan take: ka kafa turke, ko ka jera duwatsu, ko ka ɗauki hoton wurin da wata bishiya a bayansa. Bayan mako huɗu ciyawa za ta kai gwiwa, furen ya bushe, karan ya kwanta, ka yi ta zagaye a wurin ba ka gan ta ba. In gonar wani ce, ka nemi izininsa, ka kuma roƙe shi ya tsallake ta wajen noma. Wuraren da doka ta keɓe kamar Yankari, Kamuku, Falgore ko Gashaka Gumti, ba a ɗiban komai a cikinsu sai da izinin hukuma, iri ma yana ciki.

Irin da ba ya jira

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Mun saba da gero da dawa da wake: a girbe, a shanya, a zuba a rumbu, a jira ruwan shuka. Hannu da kansa yake kai mutum ga shanya duk irin da ya samu. Irin albasar kwaɗi in ka shanya shi ka gama da shi.

A shekarar 1973 wani masanin iri ɗan Birtaniya, Eric Roberts, ya raba iri gida biyu: wanda bushewa ke ƙara masa kwana, da wanda bushewa ke kashe shi. Mu ma mun san gida na biyun ko da ba mu sa masa suna ba. Ƙwallon mangwaro, goro, ƙwallon kaɗanya, duk in suka bushe ƙarau ba sa tsirowa. Albasar kwaɗi a cikinsu take. Babban rumbun adana iri na cibiyar binciken tsirrai ta Kew, wanda ke Wakehurst a Ingila, wanda aka buɗe a shekarar 2000, busar da iri yake yi sannan ya ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, amma wannan dabara ba ta aiki a kan irin wannan gida. Abin da ya gagari wancan rumbu, kwalbar da ke kan kantarka ba za ta iya shi ba.

In ka riƙe ƙwaya ɗaya a hannu za ka gane dalili. Ba ta da ɓawo mai tauri. Dunƙule ce mai nauyi, kore-kore ko fari-fari, faɗinta santimita 1 zuwa 3, babu biyu masu siffa ɗaya domin a matse suka girma cikin ƙunshi. In ka sa farce ka ɗan karce ta za ka ga tsoka ce mai ruwa a ciki. Wannan tsokar ita ce guzurin ɗan tsiron, abinci da ruwa duka. Shi ya sa ba ta jiran ruwan sama: ka ajiye ta a kan tebur, cikin aljihun riga ko cikin mota, in lokacinta ya yi tsirowa za ta yi. Tana kuma yin iyo, don haka a fadama ambaliya ce ke ɗaukarta ta kai ta wani wuri.

Hukuncin dai gajere ne. Kada a shanya, kada a sa a firiza, ko firji ma ban yarda da shi ba domin shukar ƙasa mai zafi ce. A shirya mazubi da ƙasa tun kafin a je ɗibar iri.

Ɗibar iri

Bayan fure ya yanƙwane, gindinsa yana kumbura ya zama ƙullutu. Cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi ƙullutun ya cika, nauyinsa ya rinjayi karan ya kwantar da shi ƙasa. Wannan kwanciyar ba ciwo ba ce, haka take sauke 'ya'yanta nesa kaɗan da gindinta. Alamar nuna ita ce fatar ƙunshin ta yi laushi, ta yi siriri har kana ganin tudun ƙwayoyin ta cikinta, kuma da ka ɗan matsa sai ta yage. In ka tarar ta riga ta yage iri ya zube, ka duba cikin ciyawa kewaye da kan karan, za ka same su, wasu ma har sun fara tsiro. Waɗannan ba laifi, ka ɗauka a hankali.

Kada ka kwashe duka. In ƙunshi biyar ne ka ɗauki ɗaya, kuma gara ka ɗiba kaɗan-kaɗan daga uwaye daban-daban da ka tattara na uwa ɗaya. Amfanin haka zai fito nan da wasu shekaru, lokacin da naka za su yi fure kana son su ba ka iri mai kyau. Ƙwaya 15 zuwa 20 ta ishi gida. Duk wadda ka ga ƙaramin rami a jikinta da ɗan gari-gari a bakin ramin, ka bar ta, akwai tsutsa a ciki. Wadda ta yi taushi ko baƙi-baƙi ita ma haka.

A ɗauko cikin ambulan ko jakar takarda, ko kwali da busasshiyar ciyawa. Baƙar leda ɗaurarriya a cikin mota da tsakar rana dafa su za ta yi. A shuka a ranar, in ya gagara to cikin mako.

Ƙasa da mazubi

Mutum zai ce tunda shukar fadama ce bari ya ɗebo lakar fadama ya cika tukunya. Tunanin ya yi kama da daidai, amma laka a fili daban, laka a tukunya daban. A tukunya takan riƙe ruwa ta hana iska shiga, in ta bushe kuma ta ƙanƙame ta tsage ta tsinka ƙananan saiwoyi. Babbar albasa tana jure kwanciyar ruwa a daji, jaririya a mazubi ba ta jurewa.

Haɗin da nake ganin ya fi shi ne kashi biyu na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na ƙasar gona ta sama, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai har ba ya wari. In akwai dakakken gawayi a zuba ɗan kaɗan. A tankaɗe takin da rariya mai manyan idanu domin fitar da gwazarma, ita kam saiwa take ci. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu kada ya kusanci wurin. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: ka jiƙa, ka dunƙula a hannu, ka buɗe. In ya tsaya dunƙule amma da ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya manne a tafin hannu, ƙara yashi.

Zurfi ya fi faɗi muhimmanci, domin saiwar ƙasa take nufa tun ranar farko. Mazubin ya kai santimita 25 zuwa 30. Tsohon bokitin fenti, jarka mai lita 20 da aka yanke kanta, ko doguwar baƙar ledar da masu renon itatuwa ke amfani da ita, duk sun yi. Tukunyar ƙasa ta fi su duka saboda ba ta ɗaukar zafi, illa dai ta fi saurin shanye ruwa. Ko wanne ne a huda gindinsa da kyau, huji biyar ko shida masu shigar yatsa, a ɗora shi kan bulo biyu domin ruwa ya samu hanyar fita, gara kuma kada ta samu hanyar shiga.

Shuka, da abin da za ka gani

A cika mazubin a bar kamar santimita 3 a baki, a jiƙa ƙasar ta tsane. Sai a ɗora ƙwayar a sama a danna ta da babban yatsa har rabinta ya nutse, rabi yana waje. Shi ke nan. Ba a binnewa. A daji ma a saman ƙasa take kwanciya, kuma koren da ke jikinta yana amfani da haske. Ba sai ka wahalar da kanka wajen neman ina ne sama ina ne ƙasa ba, tsiron ya san hanyarsa. A bar tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin ƙwaya da ƙwaya in a babban mazubi ne, ko a sa ɗaya-ɗaya a leda.

Daga 'yan kwanaki zuwa mako uku ko huɗu, wani farin abu mai kaurin tsinken ashana ko ya ɗan fi zai huda jikin ƙwayar ya fito. Zai iya fitowa ta gefe, zai iya fitowa ta sama. In ta sama ya fito, za ka ga ya lanƙwasa ya sunkuyar da kai ya nufi ƙasa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa saiwa, wasu kuma ganye. Ba ko ɗaya ba ne: bututu ne da ke ɗauke da ɗan tsiron a bakinsa, yana kai shi cikin ƙasa. Da ya nutsa 'yan santimita sai bakin ya kumbura ya zama 'yar mitsitsiyar albasa, saiwa ta fito ta ƙarƙashinta, sannan daga baya ganyen farko ya ɓullo, siriri, guda ɗaya tak. Tsakanin nutsewar bututun da fitowar ganye ana iya yin makonni babu abin da ido ke gani. A nan ne mai gaggawa yake tona ƙasa ya duba, ya karya bututun. In ya karye, guzurin da ke cikin ƙwayar ba shi da hanyar isa ga jaririyar.

Haka nan kada a cire ƙwayar don an ga ganye ya fito. Tana nan tana shayar da albasar har sai ta yamushe ta zama fanko. Ita da kanta za ta rabu.

Wadda ta riga ta tsiro a hanya, sai a soka fensir a ƙasa a yi rami daidai tsawon bututun, a zura shi a hankali, ƙwayar ta zauna a sama, a tura yashi ya cike gefen. In bututun ya murɗe, kada a ce za a miƙar da shi, a haƙa ramin daidai murɗewarsa.

Wurin ajiya shi ne inda rana ke taɓawa da safe, inuwa ta rufe da azahar: gefen katanga ta gabas, ko ƙarƙashin bishiyar da ganyenta bai cika duhu ba. Ban ruwa kuwa, damina ce, sama za ta yi yawancin aikin. Abin tsoro shi ne marka ta watan Agusta, da kuma indararo: mazubin da ke ƙarƙashin bakin kwano ruwa ɗaya zai tone shi ya watsar da irin. In an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a jawo su ƙarƙashin rumfa. Kaji kuma tona suke yi, ɓera yana gatsa ya yar, yara suna ɗauka su yi wasa. Guntun tsohon gidan sauro ko ragar waya a bakin mazubi ya raba wannan gardama.

Da ganye na biyu ya fito za a iya fara ba su abinci mai ruwa-ruwa: ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a narka cikin ruwa lita 10, a ba su sau ɗaya a mako biyu ko uku. A daina a ƙarshen Satumba. Yuriya ba ta da wurin zama a nan, ganye take hurawa ta bar albasa da taushi.

Ranin farko

In an tsallake shanya iri, ga inda gizo ke saƙar na biyu. Babbar albasar kwaɗi tana zubar da ganye da kaka, ta kwanta a ƙasa wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa, ta tashi lafiya lau. Sai mutum ya ce to haka zai yi wa 'yan renonsa. Amma waccan tana da girman da za ta ci daga jikinta, kuma tana can ƙasa inda zafi bai kai na sama ba. Taka kuwa a ƙarshen daminar farko ba ta wuce kan yatsa ba, tana zaune cikin baƙar leda, ga bazarar Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40. In ka bar ta haka, watan Mayu za ka zazzage ledar ka tarar da ɓawo.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne mai tausayi, wanda yake ban ruwa safe da yamma cikin hunturu. Daren Disamba da Janairu akwai sanyi, shukar ba ta sha, ruwan yana kwance a wuyanta, sai ruɓa.

Hanyar tsakiya ita ce ka bi abin da ganyen ya gaya maka. Daga Oktoba ka rage ruwa. In ganyen ya tsaya kore, ka ci gaba da ba shi kaɗan, sau ɗaya a mako, da safe, sai saman ƙasar ya bushe tukuna. Jaririyar da ta ratsa ranin farko da ganyenta tana riga sauran girma, wannan riba ce. In kuma ganyen ya yi rawaya ya kwanta duk da haka, kada ka tilasta masa. Ka bar shi ya bushe da kansa, ka mayar da mazubin inuwa sosai, ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14, a gefen mazubi ba a kan wuyan albasar ba, don dai kada saiwoyin su mutu. Saiwar wannan shuka ba kamar ta albasar miya ba ce da ke mutuwa duk shekara, tana rayuwa daga damina zuwa damina.

Dabarar da ta fi taimako a bazara ita ce binne mazubin kansa. A haƙa rami a inuwa, a jera ledojin a ciki, a cike tsakaninsu da yashi har baki, a rufa busasshiyar ciyawa sama-sama. A riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara tana son ciyawar.

Shekara ta biyu zuwa gaba

Da iskar damina ta fara kaɗawa za ka ga koren tsini ya leƙo. Wannan ne lokacin raba waɗanda aka shuka tare, kuma shi ne kawai lokacin da ya dace a taɓa su. A jiƙa ƙasar, a kifar da mazubin gaba ɗaya, a warware saiwoyin da yatsu. Za ka lura albasar ta yi ƙasa fiye da inda ka bar ta, kuma wasu saiwoyin sun yi tamoji a kusa da gindi. Su ne suke tsukewa suna jan ta ƙasa. A mayar da kowace a zurfin da aka same ta, wuya daidai da saman ƙasa.

Daga nan kowace tana son gidanta: bokiti mai lita 20, ko kuma ƙasa kai tsaye in akwai fili. A ƙasa ta fi sauri da girma nesa ba kusa ba. A haƙa rami kamu ɗaya, a gauraya taki ruɓaɓɓe, a bar tazarar santimita 50 zuwa 60. Wurin da ruwan wanke-wanke mai omo ke bi bai dace ba, amma ɗan kwari da ruwan sama ke taruwa ya tsane ya yi daidai. Yanzu tana son rana, aƙalla rabin yini. Ta inuwa ganye za ta yi ta yi. Da zarar ta zauna kuma a ƙyale ta, yawan canja mata wuri yana mayar da fure baya.

Taki sau biyu ko uku a damina ya isa, da ɗan tokar murhu a barbaɗa nesa da wuya. Kada a yanke koren ganye don gyaran fuska, shi ne yake cika albasar. Daga rani na uku, lokacin da ta kai girman ƙwan kaza ko ta fi, a bar ta ta yi cikakken hutunta: babu ruwa daga Nuwamba har saukar damina in a ƙasa take, in a bokiti ne kuwa ɗan yayyafi sau ɗaya a wata a cikin inuwa. Wannan hutun da ruwan da ke biyo bayansa su ne suke tayar da fure. Galibi sai shekara ta uku zuwa ta biyar ake ganin karan farko. Wanda aka yi wa rowar taki ko aka matse a ƙaramar tukunya yana iya wuce haka.

Abokan gaba

Babbar cikinsu wata tsutsa ce baƙa mai ɗigo-ɗigon fari da rawaya, Brithys crini, 'yar wani malam-buɗe-littafin dare. Uwar tana jera ƙwai a tare a bayan ganye. Da sun ƙyanƙyashe sai su shige cikin tsokar ganyen suna ci daga ciki, ganyen ya zama kamar an zuba masa ruwan zafi, in ka ɗaga shi a rana kana hango su. In aka ƙyale su, gangarawa suke yi har cikin albasar, kuma jaririya kwana kaɗan take yi a hannunsu. Maganin da ya fi kowanne shi ne ido: a juya ganye a duba duk bayan kwana biyu ko uku a damina, a murƙushe ƙwan, a yanke ganyen da suka shiga daga ƙasan inda suka kai, a ƙone. Ruwan darbejiya yana rage su tun ba su shiga ba: a daka busassun 'ya'yan kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. In sun riga sun shige ciki, feshi ba ya kai musu.

Akwai kuma jan tabo da ke fitowa a ganye da kara lokacin yawan laima, ciwo ne irin na funfuna. A cire ganyen da ya kamu, a rage cunkoso, a daina zuba ruwa ta kan ganye. Fararen ƙwari masu gari-gari da ke ɓuya a wuyan albasa, tsumma da ruwan sabulu ya ishe su. Wadda ganyenta ya yi rodi-rodin rawaya kuma ta ƙi girma shekara da shekara, a cire ta daga cikin sauran.

Ita ma kanta abar kiyayewa ce. Albasar da irin da ganyen duk suna da guba, akwai sinadarin laikorin a cikinsu mai sa amai da gudawa. Kasancewar masu magani suna amfani da ita bai mayar da ita abin ci ba. Kada a ajiye albasarta a kicin ko kusa da kwandon kayan miya, a kuma wanke hannu bayan an taɓa ruwanta.

In fure ya zo

A daji wani babban malam-buɗe-littafin dare mai dogon baki ne yake ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. A cikin gari ba lallai ya zo ba, don haka in kana son iri ka yi aikin da kanka. Da magariba, lokacin da furen ya buɗe, za ka ga zare shida kowanne da ɗan lanƙwasasshen kai mai gari, da kuma zare na bakwai wanda ya fi su tsawo, ba shi da gari, bakinsa ɗan dunƙule ne. Ka tsinko kai ɗaya mai gari daga wata shukar ka goga a bakin wannan na bakwai na wata shukar daban. Ka maimaita washegari da yamma. In kana da nau'i fiye da ɗaya suna fure lokaci guda, suna iya haɗuwa su ba da ruwa-biyu, saboda haka ka ɗaura zare a karan da ka yi wa aikin, ka rubuta uwa da uba a guntun roba da fensir, domin tawada tana gogewa a rana.

In za ka aika wa wani iri zuwa wani gari, ka ɗebe shi ranar da mota za ta tashi, ka naɗe kowace ƙwaya da takarda, ka jera a ƙaramin kwali mai huji, ka ce wa direba kada ya sa a but ko kan dashbod. Ka kira mai karɓa tun kafin kayan su isa, ya tanadi yashinsa da bokitinsa.